Filin Tambayar Likita: Cizon Kaska da Lahanin da Yake Yi wa Jijiyoyi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ina da ƙane da ke karatu a jihar Pennsylvania ta ƙasar Amurka. A watan Yuli sun fita yawon shan iska cikin daji da abokan karatunsa, bayan wasu makonni sai ya kama zazzaɓi da ciwon kai da ciwon wuya, daga nan wata safiya ya wayi gari bakinsa ya karkace, idonsa na hagu kuma ba ya rufuwa. Likitocin can sun ce cizon kaska ne ya jawo masa wata cuta da ta taɓa jijiyar fuska, shi kuwa ya rantse bai taɓa ganin kaska a jikinsa ba. Sun ba shi magani na mako uku, ya shanye, amma har yanzu fuskar ba ta koma daidai ba. Mahaifiyarmu ta dage cewa shafar iska ce tunda daji ya shiga, kawunmu ya ce shanyewar ɓarin jiki ce ake ɓoye mana, wasu kuma suna cewa ya ci gaba da shan maganin har sai bakin ya miƙe. Shin kaska tana iya yin wannan ɓarna? Zai warke? Kuma idan ya zo hutu, zai iya shafa wa yara? Daga wata mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba shi lafiya, ya kuma kwantar wa Hajiya hankali. Ba zan iya tabbatar da ciwon mutumin da ban duba ba, amma abin da kika zayyana ya yi daidai da cutar da ake kira Laim, kuma jihar da yake zaune tana cikin jihohin da cutar ta fi yawa a Amurka, watan Yuli kuwa shi ne tsakiyar lokacinta. Saboda haka ban ga dalilin yin shakka a kan maganar likitocinsa ba.

Cutar ta samo suna ne daga garin Laim na jihar Connecticut, inda a shekarar 1975 aka lura da yara da yawa suna fama da kumburin gaɓoɓi a unguwanni na kusa da daji. A 1982 wani masani mai suna Willy Burgdorfer ya bayyana ƙwayar bakteriyar da ke haddasa ta, mai siffa murɗaɗɗiya, wadda ya gano a cikin hanjin kaska, shi ya sa aka raɗa mata suna Borrelia burgdorferi. Likitocin Turai kuwa sun riga sun san ɓangarenta na jijiya tun kafin nan, domin a 1922 likitoci biyu a Faransa, Garin da Bujadoux, sun rubuta labarin wani mutum da ya yi fama da matsanancin ciwon jijiya da shanyewar damtse bayan cizon kaska. A yau hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ƙiyasta cewa kimanin mutum 476,000 ne ake yi wa maganin wannan cuta a ƙasar kowace shekara.

Rantsuwar da ƙanenki ya yi cewa bai ga kaska ba, gaskiya ya faɗa. Ke kina tunanin ƙatuwar kaskar da ake cirewa a hantsar saniya ko a kunnen kare, alhali wadda ta fi yaɗa Laim ƙaramar ce da ba ta gama girma ba, ba ta kai ƙwayar riɗi ba. Tana ɗaukar cutar daga ɓerayen daji, ta hau kan ciyawa ko busassun ganyaye ta jira mai wucewa, sannan ta nemi wurin da ido ba ya kaiwa, kamar hammata, bayan gwiwa, matsematsi, ƙugu ko cikin gashi. A cikin yawunta akwai sinadaran da ke hana mutum jin zafin cizon, don haka takan yi kwanaki tana shan jini ba a sani ba, ta ƙoshi ta faɗi da kanta. Galibi sai ta wuce kwana ɗaya a liƙe kafin ƙwayar cutar ta shiga jikin mutum.

Alamar farko a wajen mutum 70 zuwa 80 cikin ɗari ita ce wani jan tabo da ke fitowa a wurin cizon tsakanin kwana 3 zuwa 30, yana faɗaɗa a hankali, wani lokaci tsakiyarsa ta washe ya zama zobe. To a nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Hotunan da ake koyar da likitoci da su yawanci na farar fata ne, a baƙar fata kuwa tabon ba ya yin ja sosai, yakan yi duhu-duhu kamar wurin da aka buge, ba ya ciwo, ba ya yawan ƙaiƙayi. Likitocin Amurka da kansu sun lura cewa baƙaƙen fata sun fi zuwa asibiti a makare, bayan cutar ta riga ta kai gaɓoɓi ko jijiya. Mai yiwuwa ne tabon ya fito wa ƙanenki a gadon baya ya ɓace ba wanda ya gani.

Idan ba a yi magani a wannan mataki ba, ƙwayar cutar tana bin jini ta bazu, kuma a wajen kimanin mutum 10 zuwa 15 cikin ɗari takan kai ga jijiyoyi. Hanyoyi uku ta fi bi. Takan kumbura tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, sai a sami ciwon kai da sandarewar wuya da ƙin haske, wato wani nau'in sanƙarau ke nan, sai dai bai kai wanda muka sani na lokacin zafi saurin kisa ba. Takan kama saiwar jijiya a inda take fita daga ƙashin baya, sai mutum ya ji raɗaɗi mai ƙuna yana zagaye ƙirji ko ciki, ko yana sauka hannu ko ƙafa, ya fi tsananta da dare har ya hana barci, maganin ciwon jiki na yau da kullum kuma ba ya taɓa shi. Wannan ya fi yawa a Turai, kuma sau da yawa ana ɗaukarsa ciwon baya ne kawai. Ta uku ita ce wadda ta sami ƙanenki, wato kama jijiyar fuska.

Wannan jijiya, wadda likitoci ke lissafa ta a matsayin ta bakwai cikin jijiyoyi goma sha biyu da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, tana ratsawa ta wani ƙuntataccen rami a cikin ƙashin da ke kewaye da kunne kafin ta rarrabu a fuska. Idan ta kumbura a cikin ramin nan ba ta da wurin buɗawa, sai ƙashi ya matse ta, saƙon da take kaiwa ga naman fuska ya yanke. Ita ce ke ɗaga gira, ke rufe ido, ke tsuke leɓe, tana kuma da hannu a ɗanɗanon gaban harshe da fitar hawaye da rage ƙarfin sauti a kunne. Shi ya sa mai wannan lalura idan ya zo kurkure baki a alwala sai ruwan ya tsiyaye ta gefe guda, idan ya wanke fuska ruwa ya shiga idon da ya ƙi rufuwa, shayi ya zubo masa a haɓa, ƙarar cokali a faranti kuma ta dame shi a kunne ɗaya. Bakin yana karkata ne zuwa ɓangaren da ke da lafiya, domin shi ne mai ƙarfin ja. A cutar Laim, kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu shanyewar fuska takan kama musu ɓangare biyu, ɗaya bayan ɗaya, abin da ba kasafai ake gani a sauran dalilai ba.

Game da maganar kawunku, tsoronsa yana da tushe, domin shanyewar ɓarin jiki ma tana karkata baki. Bambancin da likita ke fara dubawa shi ne goshi. Ki kira ƙanenki ta bidiyo ki ce ya ɗaga girarsa duka biyu. Idan ciwon a jijiyar fuska yake, ɓangaren da ya shanye zai tsaya sumul daga goshi har haɓa, ba zai yi layi ko ɗaya ba, ido kuma ba zai rufu ba. A yawancin masu shanyewar ɓarin jiki kuwa goshi yana motsi, ƙasan fuska ne ke saki, kuma sau da yawa hannu ko ƙafa na ɓangaren suna yin nauyi, magana tana sarƙewa. Wannan gwaji na kwantar da hankalin dangi ne bayan likita ya riga ya duba. Duk wanda bakinsa ya karkace farat ɗaya, asibiti za a nufa da shi a ranar, ba a tsaya ana gwada goshi a gida ba.

Ita kuma Hajiya, ki lallaɓa ta. Addu'a da roƙon sauƙi babu mai hana su, kuma ba sa karo da magani. Abin da nake ƙi shi ne abin da kan biyo bayan irin wannan fassara, wato a yi ta hayaƙi da turare a fuskar da idonta ba ya rufuwa, ko a goga wani abu mai zafi a kumatu, ko a jinkirta zuwa asibiti har ciwon ya yi nisa. Dajin da ya shiga shi ne sanadi, amma ta hanyar ƙwaron da ke cikin ciyawarsa.

Yanzu ga tambayar da na san ta fi damunki, wato dalilin da ya sa ya gama magani fuskar ba ta miƙe ba. Maganin da ake bayarwa, yawanci doksisaiklin na sha ko allurar seftiriyazon ta jijiyar jini na kwana 14 zuwa 21, aikinsa kashe ƙwayar cutar ne da hana ta ci gaba zuwa gaɓoɓi da zuciya da sauran jijiyoyi. Ba shi ne ke gyara jijiyar da ta riga ta ji rauni ba, wannan aikin jiki ne, kuma jiki yana yinsa a hankali. Idan matsewa ce kawai ta taɓa rigar jijiyar, motsi yakan fara dawowa cikin makonni kaɗan. Idan kuwa zaren jijiyar ne ya lalace, sai ya sake tsirowa, kuma tsiron jijiya bai wuce kimanin milimita ɗaya a rana ba, don haka ana iya ɗaukar watanni. Mafi yawan masu shanyewar fuska ta dalilin Laim suna warkewa sarai ko kusan sarai. Kaɗan ne ke saura da ɗan rauni, ko wani haɗewar motsi, inda ido ke ɗan tsukewa idan mutum ya yi murmushi ko yana tauna, saboda zaren da ya tsiro ya bi hanyar da ba tasa ba.

Don haka shawarar masu cewa ya ci gaba da shan magani har bakin ya miƙe ba ta da amfani, tana ma da haɗari. An gwada bai wa marasa lafiya maganin na tsawon watanni a Amurka da Turai, ba a ga ya fi na makonnin da aka ƙayyade ba, sai dai ƙarin illa kamar gudawa mai tsanani da cutar da ke shiga ta wurin allura. Haka nan kada ya ruɗu da sake gwajin jini. Gwajin yana neman alamar da garkuwar jiki ta bari ne, kuma wannan alama tana iya zama a jini shekaru bayan an warke, kamar yadda a makonnin farko na ciwon takan kasa bayyana ko da cutar tana nan. Wasu mutane kuma sukan ɗauki watanni suna jin kasala da ciwon jiki da rashin natsuwar tunani bayan magani, yawanci yana raguwa da kansa.

Abin da ya kamata ya fi mayar da hankali a kai yanzu shi ne ido. Idon da ba ya ƙiftawa yana bushewa, ƙura ta shiga, baƙin idon ya yi gyambo, kuma wannan gyambo ya fi karkacewar baki haɗari domin yana iya taɓa gani har abada. Ya riƙa ɗiga ruwan da ke jiƙa ido sau da yawa a yini, da dare ya sa man ido ya rufe fatar da filasta mai laushi kamar yadda likita zai nuna masa, ya sa tabarau idan zai fita cikin iska. Idan idon ya yi ja, ko yana ciwo, ko gani ya dushe, ya ga likitan ido ba tare da jira ba. Ya koma asibiti da gaggawa kuma idan ya ji jiri, ko numfashi ya yi masa wuya, ko bugun zuciya ya rikice, domin a wajen mutane ƙalilan cutar tana taɓa zuciya. Idan wata uku ya wuce babu alamar motsi ko kaɗan, a sake bincike.

Batun yara kuwa, ki saki ranki. Laim ba ta yaɗuwa ta hanyar cin abinci tare, ko musafaha, ko kwana a ɗaki ɗaya, sai ta cizon kaskar da ke ɗauke da ita. Shi ne dai ya kamata ya sani cewa kamuwa sau ɗaya ba ta hana a sake kamuwa, don haka duk ranar da ya shiga daji ko doguwar ciyawa a can, ya sa dogon wando ya cusa ƙafarsa cikin safa, ya shafa maganin korar ƙwari, ya dawo ya yi wanka ya duba jikinsa lungu-lungu.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Mu masu kiwo ne, kullum hannunmu yana cikin kaska, musamman da damina. Na ji an ce tana shanye wa mutum jiki. Mu ma muna cikin wannan haɗari ne? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Barka kadai, Malam. Laim cuta ce ta ƙasashe masu sanyi da damshi, wato Amurka da Kanada da Turai da wasu sassan Asiya, kuma kaskar da ke kan shanunku ba irin wadda ke yaɗa ta ba ce. Amma kaskar yankinmu tana da nata cututtukan. Ƙatuwar nan mai ado a baya, wadda makiyaya suka san alaƙarta da kirci, ita ce ke sa wa dabbobi cutar da ke tara ruwa a jakar zuciya, har ka ga tunkiya tana zagaye tana ɗaga ƙafa sama-sama kafin ta faɗi tana shure-shure. A jikin mutum kuwa takan sa wani zazzaɓi da ake gane shi da baƙin ɓawo a wurin cizon, da kaluluwa, da ciwon kai da na wuya. Yawanci yana da sauƙi kuma doksisaiklin yana maganinsa, sai jefi-jefi yakan bar wa mutum ciwon jijiya na wani lokaci.

Wanda ya fi cancantar a sani a yankin Sahel shi ne zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Wata kaska ce mai taushin jiki ke kawo shi, wadda ba ta zama a jikin dabba, a ramin ɓera take, har da ramukan cikin ɗaki. Da dare take fitowa, ta sha jini cikin mintuna ta koma, mutum bai farka ba. An fi bincikarta a Senegal da Mali da Muritaniya, kuma a ƙauyen Dielmo na Senegal an taɓa samun kimanin mutum 11 cikin ɗari suna kamuwa a shekara. Zazzaɓin yakan yi kamar kwana uku ya sauka, a yi mako guda lafiya, ya sake dawowa, shi ya sa ake ta yi masa maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya ji. Ƙwayar cutar dangin ta Laim ce, kuma ita ma tana iya haddasa sanƙarau da shanyewar fuska, galibi a dawowa ta biyu ko ta uku, tana kuma jawo ɓari ga mai ciki. Duk wanda zazzaɓi ke yi masa haka kuma gwajin maleriya bai nuna komai ba, ya gaya wa likita yadda yake tafiya yana dawowa, ya nemi a duba jininsa a madubin likita a lokacin da jikin ke da zafi, domin a lokacin ne ake ganin ƙwayar.

Shanyewar da ka ji labari kuwa wani abu ne daban, babu ƙwayar cuta a ciki. Wasu nau'o'in kaska mata suna da dafi a yawunsu, idan suka yi kwana huɗu zuwa bakwai a liƙe sai ƙafafu su fara saki, raunin ya riƙa hawa sama har ya kai ga numfashi. An fi ganinsa a Arewacin Amurka da Ostireliya, musamman a yara mata da kaska ke ɓuya cikin gashinsu, kuma da zarar an cire ta sauƙi kan fara cikin sa'o'i ko kwanaki kaɗan. Kaskar da ta shiga cikin kunne ma tana iya karkata baki. Wannan kada a zaƙule ta da tsinke, a je asibiti.

Idan ka ga kaska a jikinka, ka kama ta da matsefata dab da fata ka ja a miƙe a hankali, ka wanke wurin da sabulu, ka riƙe ranar a ranka don ka faɗa wa likita idan zazzaɓi ya biyo baya. Kada a ɗiga mata kananzir, kada a ƙona ta da garwashi, kuma maganin wankan dabbobi guba ne a fatar mutum. Fasa ta da farce da ake yi a garke shi ma a bari, domin akwai nau'in da ke ɗauke da zazzaɓi mai sa zubar jini na Kirimiya da Kwango, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe mutum 10 zuwa 40 cikin ɗari na waɗanda suka kamu.

Duk da haka, kada a ɗora wa kaska kowane ciwon jijiya. A ƙasashenmu, mutumin da tafin ƙafarsa ke ƙuna ko ya daina jin taɓi, ciwon suga da kuturta da ƙarancin sinadarin bitamin B12 da illar wasu magungunan tarin fuka ne likita zai fara nema. Yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ta saki farat ɗaya kuma, a duba kansa da bayan kunnuwansa ko akwai kaska, amma ko an samu ko ba a samu ba, a kai shi asibiti a ranar, domin a Nijar da Nijeriya ana ɗaukar samfurin bayan gidan irin wannan yaro a gwada ko shan inna ce.